Littafin Aikin Ɗakin Zoɓo a Kurna

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Bismillah. Yau Kawu ya miƙo min makullin shagon ƙofar gida, wanda tela ya tashi daga ciki tun kafin damina. Da na tambaye shi kuɗin haya sai ya ce, "Ke dai fara tukuna, 'yata. In an sauko daga babbar sallah ma yi maganar." Na durƙusa na yi godiya, na fito ina share hawaye da bakin mayafi.

Shekara shida ke nan ina dafa zoɓo da kunun aya a tsakar gida, ina ƙullawa a leda, ragowar in ɗura a gorunan ruwa da yara suke tattaro min. Azumin bara ne ya nuna min tsakar gidan ta yi min kaɗan. Kafin la'asar komai ya ƙare, mutane na ta sallama ina ba su haƙuri. Bana ina so in shiga azumi da ɗaki na musamman, da firiza, da sababbin goruna waɗanda bakin kowa bai taɓa ba.

Abin da ke hannu: naira 310,000 da na tara, sai 240,000 na adashe. Mu goma sha biyu ne, zubin 20,000 duk wata. Kwasata sai a Mayu, amma Hajiya ta layin baya, wadda ita ce da ɗaukar wannan watan, ta aiko jikarta cewa mu yi musanya, tunda bikin da take tari dominsa sai bayan sallah. Ban roƙe ta ba, a bakin uwar adashe ta ji. Jimla 550,000. Da ƙyar za su kai, amma yanzu ne lokacin aikin: hunturu ya sauka, ba mai neman abin sha mai sanyi, kuma azumi saura ƙasa da wata biyu.

Alhamis, 9 ga Janairu

Siminti buhu huɗu daga Ƙofar Ruwa, 9,800 kowanne. Magini ya toshe ramukan ɓeraye ya fara daɓe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Samarin layinmu sun yi min gayya. Su bakwai suka kwashe ɓaraguzai, suka kankare bango, suka yi fenti, suka buga raga a taga saboda ƙuda. Inna ta dafa musu shinkafa da wake da mai da yaji, shi ne ladansu.

Ana cikin aikin Mai unguwa ya biyo. Ya yi addu'a, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Yarinya, ruwan wanke-wanken nan ina zai bi?" Wallahi ban taɓa tunaninsa ba. Lungunmu matsattse ne, kuma ruwan jiƙon aya in ya kwana a ƙasa wari yake, ga sauro. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shawara." Shi ya nuna inda za a haƙa 'yar hanya a binne bututu har babbar kwata. Ƙarin 14,000 ne da ban sa a lissafi ba, amma gara in biya yau da in wayi gari maƙwabtan da suka yi min fenti suna toshe hanci a ƙofata.

Gyaran ɗaki gaba ɗaya ya ci 96,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Na wuni a kasuwar Dawanau tare da Yaya. Na saba sayen kwano biyu uku a bakin titi, yau ce rana ta farko da na shiga inda ake cinikin buhu. Sito-sito ne cike da zoɓo, mata na zaune suna tsince shi, yawancinsa daga Jigawa da kan iyakar Nijar, kuma ba don mu ake tara shi ba. Fita ake da shi waje, Meziko ce babbar mai saye. Shi ya sa mai kwano ba ya samun sauƙi in masu kwantena sun shigo.

Wani dattijo da ya san mahaifinmu ya zaunar da mu ya koya min duba kaya. A cusa hannu har gindin buhu, don sama kullum kyakkyawa ce. A matse a tafin hannu: in ya yi ƙaras ya bushe, in ya yi laushi an yayyafa masa ruwa don nauyi, zai yi fumfuna. A girgiza kwano a ga yashin da zai zauna. Na haɗa baƙi da ja, baƙin don launi, jan don tsami.

Aya ta Maraɗi na ɗauka, manya, busassu. Citta ce ta ƙona ni. Tun cutar da ta cinye gonakin Kudancin Kaduna a 2023 ba ta dawo daidai ba, har na rage abin da na yi niyya da rabi, zan ƙara da kanumfari da masoro. Zoɓo, aya, dabino, kayan ƙamshi da kuɗin adaidaita: 118,000.

Laraba, 22 ga Janairu

Tukunyar silba manya biyu, 58,000. Na bar ta dalma, tsamin zoɓo yana cinta.

Juma'a, 24 ga Janairu

Firiza ta iso, 'yar kwatano, 215,000 har da dako. Sai da muka sa aka kunna ta awa biyu a shagon kafin na biya.

Firiza ba wuta akwati ce kawai, kuma ban manta da watan Oktoban da ya wuce ba, lokacin da Arewa ta yi kwanaki a duhu, na zubar da kayan sati guda a kwata. Janareta ya fi ƙarfina a tsadar man nan. Mai kemis na jikinmu yana da sola, shi ya same ni da kansa ya ce daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma wutarsa tana yi masa yawa, a ja waya. Na ce nawa zan riƙa biya, ya ce, "Haba Anti, sau nawa kika aiko wa Umma da kunu tana kwance?" Na matsa, ya ƙi. Mun rabu a kan gora biyu kullum. Na rubuta a littafi a shafin bashi, don ni dai bashi na ɗauke shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Goruna sababbi 500 masu rabin lita, daga wani kamfanin roba a Sharaɗa, 70 kowacce da murfi. Saura 28,000 a hannuna. Mai kanti ya ba ni buhun sukari bashi, 80,000, sai bayan goman farko na azumi.

Yau na yi ɓarnar farko. Na ji ana cewa in an ɗura abin sha da zafinsa aka rufe nan take ya fi daɗewa, sai na ce bari in gwada. Na sauke zoɓo yana tururi, na tace, na jera goruna arba'in a kan tebur na fara ɗurawa da mazurari. Ban kai ta goma ba na ga ta farkon tana lanƙwashewa, wuyanta ya karkace, gindinta ya kumburo ta kasa tsayuwa. Maimakon in tsaya sai na yi zaton ita ce mara kyau, na ci gaba. Kafin in ankara duk sun motse kamar an murɗe su, biyu sun kife, jan ruwa ya malale a sabon daɓen ya kama shi. Na ƙone a yatsa uku wajen tare su.

Wannan robar ba ta ɗaukar ruwan zafi, abin da ake ɗurawa da zafi kwalba ce ko wata roba mai kauri daban. Asara: gora 40 da kusan lita takwas. Daga yau sai ya huce a tukunya a rufe, cikin bahon ruwa, sannan a ɗura.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zoɓo gora 30, an sayar da 19. Har yanzu da sanyi. Mai awaki na bayanmu ya fara zuwa kwasar dusar aya, shi kuma yana turo ɗansa ya ɗebo min ruwa a famfon masallaci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wata mai saye ta dawo da kunun aya ta ce tana jin yaji a maƙogwaro. Na kurɓa, gaskiyarta. Injin markaɗen unguwa ne, an niƙa attaruhu kafin nawa. Kuɗin sayen inji babu. Na je na sami mai markaɗen, ya ce in zan iya sammako, zai wanke injin da daddare, nawa ya zama na farko bayan sallar asuba kafin masu waken ƙosai su iso. Ya ce ba ƙarin ko sisi. Na ce to ni zan riƙa kawo sabulun wankin.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ban iya rubutu jiya ba.

Malamar Islamiyyarmu ta ba ni aikin walimar saukar ɗalibanta: kunun aya gora 150 a kan 600, ta ba da 60,000 kafin alƙalami. Shi ne aiki mafi girma da na taɓa karɓa. Don kada lokaci ya ƙure min sai na jiƙa ayar tun daren Laraba, ban kuma canja ruwan ba sai sau ɗaya. Aka markaɗa Juma'a da asuba, tata ta ɗauke ni har azahar ni kaɗai, na ɗura, na cusa duka 150 a firiza wajen ƙarfe uku. Huɗu ta yi sola ta tsaya. Wutar gari ba ta zo ba duk daren.

Da asubar Asabar na ɗaga murfin, ko sanyin kirki bai bugi fuskata ba. Na ɗauki gora ɗaya daga tsakiya na ji ta yi tauri kamar ƙwallo. Ina murɗa murfin ta yi tsiii, kumfa ta biyo hannuna, warin tsami ya cika ɗakin. Na buɗe ta biyu, ta uku, ta goma. Na jikin bango ne kawai suka tsira, ba su kai talatin ba, su ma ban yarda da su ba. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke min daɗi. Walima ƙarfe huɗu.

Inna ce ta ce tashi ki je ki faɗa mata yanzu, kada ta ji a bakin wani. Na je ƙafafuna na rawa. Malama ta saurare ni har na gama, ta yi salati, ta ce, "Zoɓo fa, zai samu kafin la'asar?" Na ce in da hannaye zai samu. Ta ɗaga waya. Kafin ƙarfe tara mata shida sun shigo da tukwanensu da murahun gawayi, wata da kula biyu, wata da ƙanƙarar gidanta. Ɗaya na wanke zoɓo, ɗaya na fere abarba, biyu na fifita tukunya a cikin baho. Gorunan da suka lalace ban mayar da su ba, sababbi muka ɗura. Ƙarfe uku da rabi gora 150 suka bar ƙofar nan a baro biyu.

Zoɓo 150 kuɗinsa 45,000 ne, don haka da daddare na kai wa Malama cikon 15,000. Ta ƙi karɓa, ta ce in riƙe. Na ce, "Malama, ki yi min rai ki karɓa, in ba haka ba ba zan iya haɗa ido da ke ba." Sai ta karɓa ta ce ta ajiye min, ranar da na matsu in zo. Asarar aya, dabino, kwakwa, sukari da goruna ta kai 64,000. Abin da ya rage a hannuna bai kai 10,000 ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

'Yar maƙwabciyarmu da ke karatun kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero ta zo ta zauna da ni awa biyu. Ta ce kunun aya ba shi da tsamin da zai kare kansa, ga zaƙi ga maiƙo, don haka ƙwayoyin da ke sa abu ya yi tsami suna samunsa suke hayayyafa, iskar da suke fitarwa ita ta kumbura gorunan. Jiƙon kwana biyu ya ba su gaba tun kafin markaɗe. Sannan lita 75 mai ɗumi ba ƙaramar firiza ce za ta sanyaya shi cikin awa ɗaya ba, na tsakiya ko labari bai ji ba.

Ta kuma hana ni wani abu da na gada tun daga Inna: jefa 'yar kanwa a zoɓo don ta kashe tsami a rage sukari. Ta zuba zoɓo a kofi biyu, ta sa kanwa a ɗaya, a gabana ya juye daga ja ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi. Ta ce tsamin da nake kashewa shi ne mai gadin zoɓon. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce shekara arba'in tana sawa ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, amma nata a ranar ake shanyewa, nawa kwana yake a gora. Na daina.

Sabuwar ƙa'ida: jiƙo dare ɗaya, canjin ruwa sau biyu, tata da ruwan sanyi, kunun aya kada ya wuce gora 50 a rana, kuma ba ya kwana.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na zauna na fitar da lissafi. Gorar zoɓo tana tsaya min kusan 190, ina sayarwa 300. Kunun aya 430, ina sayarwa 600. Yaya ya ce in bar ƙullin leda na naira 100, wahala ce ba riba. Na ƙi. Yaran da suke zuwa da ɗari a dunƙule a hannu su suka riƙe sana'ar nan shekara shida, iyayensu ne suka yi min fenti. Ba zan sa gora ta kore su ba.

Abin da ya fi damuna bashi ne. Tun da aka buɗe, gida 14 sun karɓa "a rubuta". Yaya zan ce a'a ga matar da ta kawo tukunyarta ranar walima? Amma ni ma bashin sukari ne a wuyana, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na kai wa uwar adashe kukana. Ta ce in bar mata. A taron zubi ta faɗa da bakinta cewa bashi a ɗakin zoɓo kada ya wuce 2,000 kowane gida, biya ranar Juma'a. Da daga bakina ya fito da an ce na fara girman kai. Malama ta ba ni 15,000 ɗin nan aro, na ƙaro goruna.

Asabar, 1 ga Maris (1 ga Ramadan)

An ga wata jiya. An rufe makarantu, don haka na ɗauki 'yan mata biyu na layinmu, 1,000 kowacce a rana, da ɗan mai awaki a kan baro. Zoɓo 100, kunun aya 50, ƙulli 80. Ƙarfe biyar da kwata babu ko ɗaya. Alhamdulillah.

Juma'a, 7 ga Maris

Na kai zoɓo 130. Kwamitin masallaci sun fara karɓar 30 kullum don buɗa-baki, wani bawan Allah ke biya, bai yarda a faɗi sunansa ba. Na biya mai kanti 50,000.

Talata, 11 ga Maris

Daren jiya an kawo wuta mara ƙarfi, ƙwai yana ja kamar garwashi. Na ji firiza tana ƙugi tana tsayawa, tana ƙugi tana tsayawa, gajiya ta hana ni tashi in cire ta. Da safe wari kamar na ƙonanniyar waya. Mai gyara ya ce kwamfaresa ta ƙone, 68,000, kuma sai ya nemo, kwana huɗu ko biyar. Laifina ne, tun ranar saye aka ce in haɗa da sitabilaiza na ce sai na samu kuɗi.

Na aika a tambayo ƙanƙara. A azumin Kano mai ƙanƙara sarki ne, guda ɗaya da nake saye 300 yau 800, kuma sai ka yi layi. In na bi ta nan ribar ta tafi.

Mai kemis ne ya kawo dabara: gidajen da suke da firji mai sola ko inbata a unguwar nan ba su da yawa, amma akwai. Ya bi su da kansa bayan azahar. Gida bakwai suka yarda, wani gora 15, wani 25, Hajiya ta layin baya ta kwashe naman miyarta ta kai gidan 'yarta ta ba ni firizarta sukutum. Yaron baro yana rabawa ƙarfe goma, ya kwaso ƙarfe huɗu, da takarda a aljihu mai sunan gida da adadi. Na dakatar da kunun aya har a gyara, ba zan sake wasa da shi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Gorunan gida ɗaya sun dawo da ƙarnin kifi a jikinsu. Cikin lafiya lau, amma mai azumi hanci gare shi. Ban ce wa matar gidan komai ba, taimako ta yi. Mun wanke bayansu da lemon tsami, gobe za mu kai nata a ɗaure cikin babbar leda. Lissafin yaron bai taɓa ɓacewa ko gora ɗaya ba, na ƙara masa 300.

Lahadi, 16 ga Maris

Firiza ta dawo. Sitabilaiza 32,000. Na kai wa kowanne daga gidajen bakwai kunun aya gora uku na farkon markaɗe. Na cike wa mai kanti 30,000 ɗinsa, na karɓi wani buhun da kuɗi a hannu.

Talata, 25 ga Maris

Goman ƙarshe. Zafi ya kai inda ya kai, ana dawowa daga tahajjud ana buga ƙofa. Barcina bai fi awa huɗu ba. Wani mai shago daga Rijiyar Lemo ya zo yana son gora 100 kullum ya sa a firjinsa. Na ba shi haƙuri. Gorata ba ta da sitika, ba ranar yi, ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. A unguwa kowa ya san hannun da ya dafa, in da matsala ƙofata za a bugo. In ta fita inda ba a san ni ba, dole takarda ta tsaya a madadina.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, azumi 29. Jiya na rufe ɗakin na yi barci, yau na yi lissafi.

Bayan an cire kaya, ladan yara, gawayi, gyaran firiza da sitabilaiza, abin da ya rage 352,000. Na mayar wa Malama 15,000 ɗinta. Na ware 40,000 na zubin wata biyu don kada kwasar Hajiya ta Mayu ta samu tangarɗa ta wajena. Bashin da ke waje ya sauko zuwa 9,400 a gida shida, biyu daga ciki na san halin da suke, na soke.

Na kai wa Kawu 30,000 a matsayin somin haya. Ya tura min abina, ya ce ai babbar sallah muka ce. Na bar su a hannun matarsa.

Abin da ke gaba: rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, cikin wannan watan, sannan in je ofishin NAFDAC in ji sharuɗɗansu da kunnena. 'Yar jami'ar nan ta ce za su duba ɗaki da ruwa da lafiyar masu aiki, don haka tanki da matatar ruwa suna gaban injin markaɗe a layi. Daɓen da zoɓo ya ɓata ma sai an sa masa tayil. Mai markaɗe ya ce sammakonmu yana nan yadda yake. Gobe zan koma Dawanau, zoɓon da ya rage bai fi kwano huɗu ba, kuma akwai biki biyu a layin baya ranar Asabar.